Teburin Auta

A kamfanin kai kaya ba mai kiranta da sunanta. Tsaf-tsaf ake ce mata, kuma ta ci sunan. Tun tana yarinya ba ta yarda cokali da wuƙa su kwana a wuri ɗaya. Da ta girma ta zama mai tsara rumbun bayanai, sai ta kwaso halin nan kacokan ta zuba wa kwamfuta: sunayen masu karɓar kaya a tebur guda, wato jadawalin cikin kwamfuta, adireshinsu a wani, kayan a na uku, kowanne da lambar da ke ɗaure shi da ɗan'uwansa. Ba ta rubuta abu sau biyu. In mutum ya sauya gida, wuri ɗaya za a gyara, shi ke nan.

Ita ta koya wa ƙanwarta Auta aikin nan a falon gidansu, ita kuma ta roƙar mata gurbi a ofis. Takan tuna wa kanta wannan fiye da kima.

Da kamfani ya bunƙasa, sai tsarin ya fara nishi. Kowace tambaya sai kwamfuta ta zagaya teburan nan uku tana harhaɗo amsa, ma'aikata sun zuba wa allo ido, layi har bakin ƙofa. Auta ba ta yi shawara da kowa ba. Ta gina wani faffaɗan tebur, ta kwafo suna da adireshi ta manna kusa da kowane kaya. Dannawa ɗaya, amsa ta fito.

Ofis ya ɗauka. Manaja ya miƙe a taro ya ce kan yarinyar nan yana ja. Tsaf-tsaf ta tafa tare da kowa, amma abin da ke ranta kishi ne, ba shi da wani suna. A gida kuma mahaifiyarsu ta ƙara mata zafi.

"Ashe Auta ce ta gyara muku ofis?"

"Kwafe-kwafe ne kawai, Mama. Adireshi ɗaya a wuri barkatai. Bari wani ya tashi daga gidansa ki sha kallo."

Sai aka fara raɗe-raɗin cewa Auta za a ba shugabancin sashen, wato kujerar da Tsaf-tsaf take kai. Daga nan ta zauna jiran kuskure. Baiwar Allah da ba ta taɓa yi wa kowa mugun fata ba, ga ta kullum tana addu'ar wani ya sauya unguwa.

Ta kuwa samu. Wata tela ta koma sabon gida, aka gyara adireshinta a tsohon tebur, na Auta bai ji labari ba, keken ɗinkin matar ya tafi gidan da ta bari. Tsaf-tsaf ta nufi ofishin manaja da murnarta, ta kai ƙarar Auta.

Manaja ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Ai na sani. Tun ranar farko ƙanwarki ta ce haka za ta faru. Ta ce nata sauri ne kawai, gaskiyar tana teburanki. Na ba ta shugabancin ma, ta ƙi. Wai in aka taɓa kujerar yayarta, ita ma ta bar aikin."

Ta dawo ta tarar da Auta tsaye a gefen kujerar, riƙe da kofin shayi biyu.

"Yaya, don Allah ki nuna min yadda teburina zai riƙa jin canji daga naki. Na rasa gane kansa."

Tsaf-tsaf ta karɓi shayin. A ce sauri kaɗai yarinyar ta fi ta, da da sauƙi. Ta jawo kujerar da ta yi shekaru a kanta ta zauna, ta ji ta kamar ta aro.