Agwagwa Mai Ƙarau

Shekaranjiya jikana ya ɓalle ɗan zoben gwangwanin lemo ya zura a yatsa, sai dariya ta kama ni ni kaɗai. Bari ka ji dalili.

Muna yara akwai wani tafki a fadamar garinmu, tsakanin Shinkafi da Zurmi. Ɗari na shigowa sai agwagin ruwa su sauka, ƙanana, ba irin na gida ba. Kakana, mai lambun albasa a bakin ruwan, baƙi yake ce musu, ya kuma hana a taɓa su. Da hantsi yakan zauna, ƙafafu duk laka, yana kallonsu, ga zalɓe tsaye a ƙafa ɗaya, ga guza na shan rana. Ni ma ina kallo, amma romo nake gani.

Wata shekara sanyi ya fara ja baya, mangwaro ya yi fure, baƙin suka fara haramar tafiya. Na ce in ban ci bana ba sai baɗi. Na tsinko gashin wutsiyar dokin maƙwabci, harbinsa ya kuskure ni, na ɗana tarko. Ɗaya kuwa ta kamu, zuciyarta na dukan tafina. A ƙafarta ga ɗan zoben ƙarfe da rubutun boko. Aji biyu na yi a makaranta, na juya shi sama da ƙasa, ko harafi ban gane ba.

Na cusa ta a riga na kai wa kakata, ko za ta rufa mini asiri. Tana ganin zoben ta dafe ƙirji.

"Ja'iri, matar mutane ka ɗauko! Ba ka ga an yi mata ƙarau ba?"

Sai ga tsoho, kakan nawa. Na shirya wa tsumagiya. Ya dubi zoben, ya dubi ƙafar da tarko ya kuje.

"Wagga da mai ita, yana can yana jira. In 'yan'uwanta sunka tashi ba ita, wa ka gwada mata hanya? Kai?"

Kwana uku tana cikin akurki. Ni ke shafa mata man shanu, ni ke rugawa tafki kowace safiya in ga ko sun tafi. Kullum raguwa suke. Rana ta huɗu ƙafar ta taku, muka sake ta. Ta faɗa ruwa, ko waiwayena ba ta yi ba. Da la'asar suka tashi suka yi arewa. Tsoho ya nuna sama ya ce, "Ga ta can." Ba mai iya gane ta a cikinsu, amma na yarda.

Jikan nan ya ce mini wai Turawa ke sa zoben don su san inda tsuntsu ya je. Yanzu rabin tafkin ya zama gona, baƙin kaɗan ke zuwa, mu ma ba kullum ake iya fita fadama ba saboda rashin tsaro. Amma na gode Allah da tsoho ya riga wuƙa isowa. Ko ba komai, wani Bature ya ga matarsa ta dawo, da man shanun Zamfara a ƙafa.