Jan Kifi a Cikin Daro

A shekarun da nake sayar da kifin banda a kasuwar Nima, a Ankara babban birnin Gana, ina da wata yaya wadda ba uwarmu ɗaya ba, ba ubanmu ɗaya ba, ko addininmu ba ɗaya ba. 'Yar ƙabilar Ga ce, a Chorkor take, can bakin teku, mijinta yana da kwalekwale. A hannunta nake sarin kifi, a wurinta na koyi banda. Ranar da naƙudar ɗana na fari ta kama ni a kan rairayi, ita ta kwance mayafinta ta kare ni daga idon masunta, ita ta yanke cibiya. Tun ranar nake ce mata Yaya. Ita kuwa Amarya take ce mini, yadda mutanen Ankara suke kiran kowace matar zango, har na yi furfura ba ta canja ba.

To, yaron nan ya girma, ya samu aiki a jirgin ruwa a Tema, ya ga duniya. Da aikin ya ƙare, abokansa suka dawo da rediyo da keken ɗinki. Shi kuwa ya dawo da akwatin gilashi, babu komai a ciki, da wani ɗan inji mai gurnani da yake hura iska a ruwa. Ya ajiye a ɗakinsa, a gidan hayarmu na Maamobi, ya ce kifi zai zuba.

Na ce, “Kifi a ɗaki, da ransa?”

Ya ce, “Mma, wannan ba na ci ba ne, na kallo ne.”

Matan gida suka yi dariya har suka gaji. Na taya su, amma ban ji daɗi ba.

Ruwan famfo bai yi masa ba. Ruwan teku yake ɗebowa a jarka, ya shimfiɗa yashi, ya jera duwatsu, ya bar akwatin yana ta kumfa kwana da kwanaki, babu kifi ko ɗaya. Sannan ya fara zuwa wajen duwatsun gaɓa idan ruwa ya janye, yana kamo ƙananan da suka maƙale a ramuka. Ban taɓa ganin mutum yana zaɓen abu yadda ya zaɓi kifayen nan ba, ko neman aure ba a yi masa wannan binciken. Wanda ya kamo ba ya shiga akwati kai tsaye. Sai ya zauna a bokiti tukuna, a haɗa shi da wani, yaron ya tsuguna yana kallon halinsu. Akwai wani mai zane baƙi da rawaya, ni na fi sonsa, ya ɗauke shi ya mayar teku, wai ya cika kora, ba ya barin kowa ya ci abinci. Ya ce mini ba kyau ake dubawa ba. Ana duba girman baki, ana duba hali, ana duba inda kifi yake son zama, don masu son rami ɗaya ba sa zama lafiya.

Waɗanda suka ci jarrabawarsa ba su da yawa. Akwai wani mai kwanciya a kan dutse, idanunsa a bisa kai kamar na kwaɗo. Akwai wasu farare ƙanana masu tafiya tare, in ɗaya ya juya duk su juya. Sai jatan lande da suke bin yashi suna tsince abin da ya faɗi. Ana nan, ana nan, ni da na yi dariya na zama mai shiga ɗakin bayan la'asar, in zauna in yi ta kallo har carbi ya tsaya a hannuna. Kuma ni da bakina na kai labarin bakin teku, ina ta kuranta yaron. Yaya ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta tambaye ni girman akwatin. Na gwada mata da hannu.

Ranar wata Talata, ranar da masuntan Ga ba sa shiga teku, ina wanki a tsakar gida da hantsi sai na ji muryarta a ƙofa. Ta sha atamfarta ta zuwa coci, ga daro a ka, an rufe shi da jiƙaƙƙen zane, ruwa yana bin wuyanta. Ashe yaron mota ya sauke ta daga trotro, motar haya, a hanya saboda ruwan yana fantsa wa fasinjoji, ta ƙarasa da ƙafa, mace mai ciwon gwiwa. Na taya ta saukewa, ta yaye zanen. Kifi ne ja wur, da ɗigo-ɗigo shuɗi tun daga kai har wutsiya, tsawonsa ya kusa kamu ɗaya, yana motsa fukafukinsa a hankali. Ta sa yaran mijinta sun raya shi a kwando cikin ruwa tun jiya.

Ta ce, “Na ɗana ne. Ya sa a gilashinsa.”

Yaron ya fita a lokacin. Mu kuwa a zango, in an kawo maka abin arziki ba ka ɓoyewa, sai ka zagaya da shi ɗaki ɗaki a taya ka godiya. Na ɗauki daron, na fara da ɗakin uwar gidan haya, na bi ta wurin Bazabarma mai koko, na bi ta wurin matar tela, ban tsallake kowa ba. Kowacce ta fito ta durƙusa wa Yaya. An gode, Allah ya saka, Allah ya bar zumunci. Aka shimfiɗa mata tabarma a inuwa, ta zauna tana fifita da gefen zane, fuskarta kamar ta wadda ta aurar da 'ya.

Ana cikin haka sai ga shi ya shigo. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ta, ta shafa kansa. Aka nuna masa daro. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Na ga inda idonsa ya tsaya, a bakin kifin. Ni da na yi shekaru ina farke cikin irinsa ina fito da ƙananan kifi sukutum, ban tuna ba sai a lokacin.

Ya ce, “Mma babba, na gode, Allah ya saka. Amma ba zai iya shiga akwatin ba. Zai cinye na ciki.”



Yaya ta ce, “A teku yunwa ke sa shi. A nan kai za ka ba shi abinci. Ko ba ka da abin ba baƙo?”

“Ko ya ƙoshi, Mma babba. In abu ya wuce ta gaban bakinsa, zai haɗiye.”

“Ji yaro. Ni na fara ganin bakinka kafin uwarka ta gani, babba ne shi ma, ban mayar da kai ba.”

Mata suka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi don a rufe abu. Na ja hannunsa zuwa ɗaki. Na ce masa ya rufa mini asiri, ya sa shi ko na yini ɗaya, ta gani da idonta ta tafi. Ya ce yini ɗaya ya ishe shi ya gama da su. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, “Mma, in kin ce in sa, zan sa.” Na dubi akwatin. Fararen nan suna ta juyawa tare, mai idon kwaɗo yana kan dutsensa. Na dubi yaron da aikinsa ya ƙare, kullum yana fita nema yana dawowa shiru, wannan akwatin kaɗai ke sa shi magana. Na bar masa akwatinsa yadda yake. Na fito ni kaɗai, na tsaya a bakin ƙofa, ban san inda zan ajiye idona ba.

Yaya ta dube ni sau ɗaya, ta gane. Ta ce, “Amarya, ba ni wuƙa.”

Na ce ta bari, a samo masa wani wuri. Ta ce wane wuri, a randar shan ruwana? Ta tashi da kanta ta ɗauko wuƙar a madafa, ta tattare atamfarta, ta tsuguna a gindin famfo. Ta kankare shi a gaban matan da suka gama yi mata godiya, ɗigon nan shuɗi yana bin ruwa zuwa kwata. Ta soya shi a kaskona, ta aika aka sayo dokunu, tuwon masarar nan na cikin ganye, da yajin shito. Ta raba wa kowa ɗan yanki, ta ajiye kan a gaban yaron.

Ta ce, “Ci. Bakin da kake tsoro ne, ga shi nan.”

Ya ci. Nawa rabon yana hannuna har ya huce. Da za ta tafi na ɗauko mayafi zan raka ta, ta ce in zauna, wankina bai ƙare ba.

A al'adarmu, washegari da sassafe ake zuwa godiyar jiya. Na shirya, na ɗauki darona, na kai har tashar mota, na juyo. Da wane baki zan ce na gode? Na gode da kifin da muka ƙi? Na koma sari a hannun wasu mata a cikin gari, kifi marar daɗi, masu saye suna tambayata me ya samu bandata. In ce musu teku ce ta canja. Har wata ya mutu wani ya tsaya ban taka Chorkor ba, kuma kowace safiya zuwan yana ƙara mini nauyi a kan na jiya.

Ranar da na je, na same ta a ƙarƙashin rumfarta tana jera kifi a kan waya, hayaƙi ya rufe ta. Na durƙusa a kan rairayi, ni da na kusa yin jika, na ce, “Yaya, godiyar rannan.”

Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Rannan ɗin ya yi nisa.” Ta juya kifi ɗaya, ta juya wani. “Na gilashi suna lafiya?”

Na ce suna lafiya.

“To, madalla. Kawo daronki.”

Ta zaɓa mini masu kyau, yadda ta saba, har ta ƙara mini a kai. Haka muka ci gaba shekara da shekaru, ba ta taɓa ba ni marar kyau ba, ba ta ƙara tayar da maganar ba. Amma da can, in mun gama, takan jawo mini kujera a rumfar, mu sa hannu a kwano ɗaya, ta ba ni labarin mijinta da 'ya'yanta har rana ta yi zafi. Daga ranar nan, da zarar daro ya cika sai ta miƙe, ta naɗa mini gammo, ta kama gefe ɗaya mu ɗaga. In ya zauna a kaina ta ce in gaida gida. Ni kuma in ce za su ji, in kama hanyar tasha.