Sandar Ram Ɗin da Na Ƙi Cirewa

A shekarun da mutane suka fara yar da kaset suna komawa faifan sidi, ina da ɗan shago kusa da kasuwar Azare. Aikina juye bidiyon biki da suna daga kaset zuwa faifai. Karatuna bai wuce firamare ba, da kallo na koyi sana'ar. Abin da ke yin aikin wani tsohon kati ne da ake sokawa a cikin kwamfuta, shi ke karɓar hoto daga na'urar bidiyo.

Da tsohuwar kwamfutata ta mutu na sayo sabuwa daga Kano, mai sandunan ram biyu, giga huɗu. Ram shi ne wurin da kwamfuta ke ajiye abin da take aiki a kai. Duk layinmu ba wanda ban gaya wa giga huɗun nan ba. Na mayar da tsohon katin cikinta, ya shiga raminsa daidai, amma da an fara juyi sai ta yi 'yan mintuna ta sandare.

Na kira mai yi mini gyara, wani magidanci ɗan Bogoro da muke ce wa Injiniya. Ya duba ya ce, "Alhaji, katin nan tsohuwar unguwa kaɗai ya sani. Yanzu gari ya faɗaɗa, in an aike shi sabuwar unguwa sai ya zube kaya a gidan da ba shi ba. Cire sanda ɗaya, gari ya koma yadda ya san shi."

Na ce, "In sayi doki in ɗaure masa ƙafa ɗaya? Injiniya, ko sandar kake so in ba ka?"

Ya yi dariya. "Ni jakina ya ishe ni. Amma kada ka sa kaset ɗin da kake tsoron ya lalace."

Kwana biyu bayan haka wata Hajiya ta zo daga Chinade a kan acaɓa, da kaset naɗe a ɗankwali. Walimar dawowar mijinta ce daga Makka, ya rasu shekara uku kafin nan. Ta ce akwai inda ya tashi ya yi wa iyalinsa addu'a, kuma nan kaɗai muryarsa ta rage a duniya. Tana so jikoki su ji.

Na sa kaset. Kwamfuta ta sandare. Na mayar da shi baya na sake. Kullum sai an fara addu'ar take tsayawa, ni kuma in ja baya kaɗan in sake gwadawa a daidai wannan wurin. A karo na bakwai na ji na'urar ta yi ƙara. Da na buɗe, zaren kaset ɗin ya nannaɗe, na'urar ta taune shi, kusan kamu biyu.

Sai a lokacin na kashe kwamfuta na zare sanda ɗaya. Na yanke inda ya lalace, na manne zaren. Aikin ya tafi tun daga farko har ƙarshe ba tsayawa.

A faifan ana ganin marigayin ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya ɗaga hannu. Daga nan sai ga mutane suna shafa addu'a.

Da Hajiya ta dawo Injiniya na zaune a benci. Na ce mata kaset ɗin ne ya tsufa, zafi ya cinye wurin. Ta kalli faifan sau biyu, ta ce, "Allah bai nufa su ji shi ba. Sannu da ƙoƙari, Alhaji." Har gyaɗa ta bar mini a leda. Injiniya kuwa takalminsa yake kallo.

Chinade ba nisa. Na sha cewa zan je in faɗa mata gaskiya, har aka gaya mini ta rasu. Bara na samu babban ɗanta na faɗa masa. Ya tambaye ni ko na ji addu'ar kafin zaren ya lalace, ko da farkonta ne. Sau shida na ji farkonta, amma hankalina na kan kwamfuta. Ban riƙe ko kalma ɗaya ba.