Man Emu Don Gwiwa

A kasuwar Asabar ta garin Dubbo, wani dogon mutum yana ta zagaya teburin Raelene, mai sayar da man emu, wani tsuntsu mai kama da jimina. Hannuwansa duk kanta, ƙila askin tumaki yake yi. Malafarsa ta sauko har gira.

Ya ɗauki kwalbar man emu, murya ƙasa-ƙasa: "Yana maganin ciwon gwiwa?"

Raelene ta san masu sanƙo kan fake da gwiwa su sayi man don gashi, ga shi ba ta iya barin zolaya. "Gwiwar da ke ƙarƙashin malafa, ɗan'uwa? Sanƙo ai ba sata ba ne."

Matan kusa suka yi dariya. Shi kuwa ya mayar da kwalbar a hankali kamar ƙwai.

Ya ce, "Don matata ne. Maganin asibiti ya zubar mata da gashi, ba ta so a sani."

Ya wuce. Raelene tana ta gyara kwalaben da ba su karkace ba.