Iya Ɗigo da Awa Biyun Farko

Ƙarfe bakwai da rabi take isowa, kafin mai shara ya gama baranda. Ta ajiye jaka, ta goge tabarau da bakin mayafi, ta kunna kwamfuta. Shekara ashirin da shida ke nan, a ɗaki mai taga ɗaya kusa da matakala. A takardar ɗaukar aiki an rubuta mataimakiyar ɗakin bincike. Ɗalibai kuwa Iya Ɗigo suke ce mata, don da ɗigo take wuni.

Sashenmu a jami'a yana nazarin wasu ƙattin duniyoyi da ke kewaya taurari masu nisa, sun matse jikin wuta har sun fi maƙera zafi. Ba ma ganinsu. Haske kawai muke aunawa. Irin wannan duniya fuska ɗaya take bai wa tauraronta kullum: gefe ɗaya rana ba faɗuwa, ɗayan duhu ba wayewa. Tana kewayawa, hasken da ke iso mana yana ɗan ƙaruwa yana ɗan raguwa. Daga wannan hawa da sauka ake gane inda zafi ya taru, da inda iska ke kai shi. Na'urar hangen nesa da ke shawagi a sararin samaniya tana aiko da awon, ɗigo dubbai a jere. Dole wani ya zauna ya ware na gaskiya daga na ƙarya. Aikin Iya ke nan.

Ba ta yarda da fuskar kwamfuta ba. Sai ta buga jerin a takarda, ta manna a bango, ta koma bakin ƙofa ta karkata kai ta duba. Wurin mijinta, tela, ta koyi haka. Ya ce ba a gane karkatar ɗinki da hanci a kan keke. Daga nan ta ɗauki jan biro ta soke awa biyun farko. Kullum. Na'urar in ta juya ga sabon tauraro, idonta yakan ɗauki lokaci kafin ya daidaita, sai haske ya yi kamar yana ƙaruwa alhali bai ƙaru ba.

"Wanda ya tashi daga barci ba a sa shi shaida," in ji ta.

Shekarar da na dawo daga karatu, Farfesa, shugaban sashe, ya sami abin da ya ɗauka sa'arsa ce. A galibin waɗannan duniyoyi iska gabas take kai zafi. Shi ya ga wata duniya da iska take kai shi yamma, a awon da bai bi ta hannun Iya ba. Ya riga ya rubuta jawabin da zai gabatar a babban taro. Ni da sakatariya muna tsaye a ofishinsa Iya ta shigo da takarda a hannu.

"Ranka ya daɗe, wannan ba iska ba ce. Ba a yanke farkon ba."

"Iya, awon ba shi da yawa. In muka zubar da awa biyu me zai rage?"

"Gaskiya za ta rage."

"Ke ina kika yi digirinki?"

"A nan, kusa da matakala."

Ya sa aka yanke don ya kunyata ta. Zafin ya koma gabas, inda yake tun asali. Maƙalar da aka gyara ta fita da marubuta biyar, har da ni da ban taɓa ko ɗigo ɗaya ba. A can ƙasa aka gode wa "ma'aikatan sashe". Na ga haka, na bar sunana a ciki.

Iya, ke ce kika rufa wa babba asiri bai ce sannu ba. Ke ce kika karanta wa ɗalibai goma sha tara awonsu, suka sa rigar digiri suka wuce ta gaban ƙofarki. Rariya matatar haske, kowa ya sha, ba mai tuna ki.

Abu ɗaya ta taɓa roƙa. Akwai wata duniya da ta sa wa suna Murhu, shekara goma sha ɗaya tana binta. Awo huɗu ta tara, tana zargin wurin da zafi ya taru yana gusawa daga shekara zuwa shekara, wato can ma yanayi na sauyawa. Awo na biyar ne zai raba gardama. Zai iso kwana goma sha shida bayan ranar ritayarta. Ta nemi a bar mata lambar sirrinta ta shiga kwamfutar sashe wata ɗaya, ta ce ko kujera ba ta so.

"Doka ce, Iya," in ji Farfesa. "Kuma yanzu akwai manhaja mai yin aikin nan."

Aka ba ta agogon bango, aka tafa, aka rufe lambar kafin ta sauka daga matakala.

Da awon ya iso na buga shi a takarda na kai mata shagon mijinta da la'asar. Ta manna shi da allurar tela a tsakanin yaduka, ta koma bakin ƙofa. Idon dama ya yi yana, da hagu take dubawa yanzu.

"Ɗan nan, wa ya bar farkon?"

"Manhajar ce, Iya."

"To a saya mata jan biro."

Mijin ya yi dariya bai ɗago daga keke ba. Ta rufe awa biyun da tafin hannu, ta daɗe tana kallo. Wurin zafin ya gusa. Yadda ta ce, haka ya fito.

"Ashe can ma yanayi na sauyawa," ta ce. "Nan ne kawai ba ya sauyawa."

Iya, mun gode, ko da yake godiyar ta makara. Ku kuma da ke da irinta a ƙarshen barandarku, ku koyi aikinta, ku gaishe ta tun lambarta na buɗewa.

Farfesa ya fara rubuta maƙalar Murhu. Na ga jerin marubutan. Mu shida ne wannan karon, kuma an sake gode wa ma'aikatan sashe. Na ce a cire ni ko a sa ta. An cire ni.