Cinikin Ƙarya na Gogo Azumi Mai Awo

Tun rana ba ta yi zafi ba Gogo Azumi ke isa kasuwar Dutsin-Ma. Ta share rumfarta, ta zazzage gero da dawa da waken da manoman Karofi da Makera suka kawo ta sayar masu, ta goge mudu da gefen zane, sannan ta juyo kaina. Ni ce mai daddawar da ke zaune dab da ita.

"Hawwa'u, naman wa kika ci yau?"

In ce, "Ban karya ba tukuna, Gogo, ke nake jira."

Haka muke tun kafin in shiga ajin yaƙi da jahilci in koyi wanga karkataccen rubutu. Yanzu idonta ya gaza. Ɗanta Sabitu ya zo ya ɗauke ta zuwa Kurfi, kuma ran kasuwar da ta wuce wata yarinya na tarar a mazauninta, mai ladabi, ko zagi ɗaya babu. Ko tallar daddawa ban iya yi ba.

Yaran yanzu ba su san yunwar nan ta kafin mulkin kai ba, shekarar da ruwan sama ya ɗauke, gero na fidda kai. Gwamnati ta raba 'yar takarda ta hannun masu unguwa: ka kai wa mai awo a kasuwa, ta auna maka hatsi, daga baya a biya mai hatsin. Taimako ne, amma wa zai miƙa ta a bainar jama'a? Ana gani an san rumbunka ya ƙare. Gidaje nawa suka gwammace cin tafasa da rama, takarda na kwance ƙarƙashin tabarma!

Sai Gogo ta aika ta bakin masu tallar fura: mai takarda ta sa ta cikin ƙwarya, ta rufe da faifai, ta zo ta yi ciniki kamar kowa.

Wata rana ga Yelwa, Bafilatana mai nono daga Shema. Shanun mijinta sun ƙare, yara a gida sun daina ko kuka. Tana isowa gaban Gogo sai ga uban mijin nata, Baffa Alu, tsugune a rumfar mai igiya. Tsoho ne da ke rantsuwa zuri'arsa ba ta taɓa cin sadaka ba. Yelwa ta sandare, ta juya za ta koma da ƙwarya wofi. Gogo ta yi wuf ta fizge ƙwaryar.

"Ke Yelwa, yau ma da rowar taki kika zo? Mudu sisi, ba ragi!"

Yelwa ta ce, "Taro, Gogo."

"Taro? A wagga shekara? Albarka! Ku ji min Filani, kuɗi ƙulle a bakin zane, baki na kukan babu."

Suka ja, suka ja, har Yelwa ta manta da tsoro ta ce geron ma duk tsakuwa ne. Nan Gogo ta dafe ƙirji ta ce an ci mutuncinta, ta sallama. Ta auna, ta yi gyara, takarda ta shige ƙarƙashin cinyarta, ta jefa kwabbanta na kanta cikin tasa don a ji ƙara. Baffa Alu bai dubi surukarsa ba, mai igiya ya duba, yana dariya: "Ka ji matar ɗana? Ba Kaɗon da ke cutarta."

Ni kam na ga takardar, bakina har ƙaiƙayi yake. Gogo ta ranƙwafo ta ce, "Hawwa'u, in na ji wannan a bakin rijiya, sai kasuwa duka ta san abin da kike haɗawa cikin daddawarki." Na yi gum. Ni! Baffa Alu ya rasu bara yana nan kan alfaharinsa, jikokinsa sun girma, kuma Yelwa da kanta ta ce in rubuta. Sauran matan, Gogo kaɗai ta san su.

Ke ce, Gogo, mai mudu da tozo, mai zagin da ke rufa asiri. Ke kika yi faɗan ƙarya da rabin matan garin nan, har aka sa maki suna mai baƙin ciniki, ba ki taɓa wanke kanki ba. Sabitu, in ka karanta mata, ka ɗaga murya, ka ce rumfa ta yi shiru, ba ni da abokiyar faɗa, kuma motar Kurfi ba ta fi ƙarfina ba. Allah Ya saka maki, Ya rufa naki asirin ranar da ba mai rufawa sai Shi.

Ku kuma da kuka gaji mudu, yunwa ba ta yi mana bankwana ba. Ranar da ta dawo, ku bar mutum ya koma gida da hatsinsa, ya kuma iya kallon maƙwabcinsa.