Wayar Shagon Baba Salifu

Ya ku ma'abota wannan shafi mai albarka, yau da hantsi na tsaya cikin tokar shagon Baba Salifu tela da gobara ta cinye a unguwar Asawase, inda kekunan ɗinki uku da yadin Sallar unguwa guda suka riga mu gidan gaskiya.

Isifu mai gyaran wuta ya tono wata waya siririya kamar taliya, ya kankare ta da wuƙa. Ashe jan ƙarfen shafe ne, cikinta alminiyon.

"Baba, dutsen guga biyu kuka ɗora wa wannan? Ba ta zafi?"

"Kullum tana zafi, ɗana. Na ɗauka alamar wuta mai ƙarfi ce. Har jiƙaƙƙen yadi nake shanyawa a kanta."

"Innalillahi! Baba, wuta na neman wucewa, waya ta matse mata hanya. Wannan kokawar ce zafin."

Tsohon ya dubi matan da suka cika ƙofa, kowacce na kiran launin yadinta. Saura kwana huɗu Sallah.

Masu girma, ku taɓa wayar ɗakinku. In da ɗumi, ku kashe wuta tukuna, sannan ku zo ku ba mu labari.